Oyster ko katin banki, kuma da me ake biyan keken haya a Landan?

Sabon Ɗalibi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Na zo Landan karatun digiri na biyu, ina zaune a Mile End, makarantarmu tana wajen Holborn. Ɗan uwan da ya sauke ni ya ba ni tsohon katin Oyster, da shi nake hawa bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tsabar kuɗi nake zuba masa a na'urar tasha, don katin bankina na nan bai iso ba tukuna. Abokan karatu sun ce da zarar ya iso in ajiye Oyster in riƙa ɗora katin bankin, wai duk farashi ɗaya ne. Haka ne? Rajistar da ake cewa a yi wa katin kuma, dole ce? Sai jajayen kekunan Santander da nake gani jere a bakin titi, na zagaya na'urarsu ban ga inda ake ɗora Oyster ba. Shekarata 28, ko hakan zai yi amfani. Allah Ya saka da alheri.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam, sannu da zuwa ƙanena. Abokanka ba su yi ƙarya ba, a farashin manya kuɗin ɗaya ne. Bas fam 1.75 ne a farashin 2025, kuma in ka sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cajinka. Dukansu suna da iyakar cajin yini da ta mako, daga Litinin zuwa Lahadi, in ka kai ta sauran hawan kyauta ne. Sharaɗin dai ka tsaya kan abu ɗaya. In ka shiga da katin bankin da ke cikin waya ka fita da katin roba, ko da asusun banki ɗaya ne, na'ura mutum biyu take gani, kowanne da tafiyar da bai ƙarasa ba. A bas ɗorawa ɗaya ce lokacin hawa, a jirgi shiga da fita. Kuma direba ba ya karɓar tsaba tun 2014, kada ka bari katin ya bushe.

Malam Na-Whitechapel:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma rabi ta faɗa. Farashin manya ne ɗaya, shi kuwa wannan yaro bai kamata ya riƙa biyan farashin manya ba.

Saurara da kyau. Da shekara 28 kana iya sayen 26-30 Railcard, katin rangwamen jirgi na masu shekara 26 zuwa 30, fam 35 a shekara. Ko 16-25 ɗin ma ana ba ɗalibin cikakken lokaci komai shekarunsa, in makaranta ta shaida shi. Ka kai shi tashar jirgi tare da Oyster ɗinka, ka nemi ma'aikaci ya ɗora maka rangwamen a na'urar tikiti, aikin minti biyu ne. Daga nan ana rage maka kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi a lokutan da ba na cunkoso ba. Lokacin cunkoso shi ne 6:30 zuwa 9:30 na safe da 4:00 zuwa 7:00 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuma lokacin da ka ɗora katin wajen shiga ake dubawa. Wanda darasinsa ƙarfe goma sha ɗaya ne, me zai fitar da shi kafin tara da rabi? Wannan rangwame a Oyster yake zama. Bas kuma ba ya ciki.

Akwai kuma katin ɗalibai mai hoto, 18+ Student Oyster. Mutanenmu da yawa suna rububinsa suna zaton komai zai yi araha. Kashi 30 cikin 100 yake ragewa, amma a tikitin mako ko na wata ko na shekara kawai, ba ya taɓa kuɗin hawa ɗaɗɗaya. Wanda ke fita kullum da sassafe shi yake ci da shi. Mai zuwa makaranta kwana uku a mako gara masa Railcard. Ka zauna da jadawalin darussanka ka yi lissafi kafin ka biya kuɗin nema.

Rajista kuwa, ba wanda zai kama ka don ba ka yi ba. Sai dai kati mara rajista tamkar tsabar kuɗi ne a aljihu, in ya faɗi wanda ya tsinta ya ci rabonsa. Mai rajista ana toshe shi a mayar maka da abin da ke ciki. Kana ganin tafiye-tafiyenka na mako takwas baya, in an caje ka mafi tsada saboda ba ka ɗora wajen fita ba ka nemi a gyara. Kuma tunda rangwame za ka ɗora, sai da rajistar.

Baban Sadik:
Ni fa Malam ban cika son wannan rajistar ba. Suna, adireshi, katin banki, da duk tashar da mutum ya shiga da ƙarfe nawa. A watan Satumban 2024 aka yi wa TfL, hukumar sufurin Landan, kutse ta intanet, su da bakinsu suka ce mai yiwuwa an kai ga bayanan bankin mutum kusan 5,000, har aka dakatar da karɓar neman katunan hoto na wani lokaci. Ni fam goma nake zubawa, in ya ɓace ya ɓace.

Malam Na-Whitechapel:
Alhaji, kai da motarka, sai ranar Juma'a kake ganin jirgi. Wanda sufuri ke cinye masa kuɗi kowace rana lissafinsa daban ne. Maganar kutse gaskiya ce. In abin ya dame shi ya yi rajistar, ya ci gaba da zuba tsaba a na'ura, ba sai ya haɗa katin banki ba.

Injiniya:
Bari in ɗauki ta keke, da shi nake zuwa aiki. Ba ganinka ne ya gaza ba, babu wurin ɗora Oyster. TfL ce ke da kekunan tun da aka fara a 2010 da sunan bankin Barclays, bankin Santander ya karɓa a 2015, amma aljihunsu daban. Ba sa cin Oyster, ba sa cin tsaba, kuɗinsu ba ya shiga iyakar cajin yini. Dalilin a fili yake: suna son katin da za su iya cirewa in keke bai dawo ba, kuma cajin yana iya kaiwa fam 300. Sai ka yi haƙuri katin bankinka ya iso. In ka yi da na gida, bankinka zai ɗora nasa kuɗin canji.

Hanya uku ce: na'urar da ke tashar, manhajar waya, ko ɗan makullin mambobi. A na'ura kana biya za ta turo maka 'yar takarda mai lamba biyar, duk daga 1 da 2 da 3, kuma minti goma take aiki. Don haka ka zaɓi kekenka tukuna. Matsa taya, gwada birki, daidaita sirdi. Sannan ka danna lambar a ɗan allon da ke gefen turken, fitila ta yi kore, ka ɗan ɗaga bayan keken ka ja.

Fam 1.65 ne minti talatin na farko, kowane talatin na gaba wani 1.65. In ka ga zai zame maka abin hawa, na wata fam 20 ne, kowane hawa har minti sittin. Masu lantarki sun fi tsada, kuma sai mai rajista, ta manhaja ko makulli. Ka ga nan ma rajista ce, amma asusu ne daban da na Oyster.

Inda ake asara wajen mayarwa ne. Tura shi da ƙarfi cikin turke, kada ka ɗaga ƙafa sai fitila ta yi kore, sannan ka ɗan ja shi ka tabbatar ya kama. In bai kama ba agogo na ci gaba da gudu kana can kana barci. Da safe tashoshin tsakiyar gari kan cika. In ka tarar ba gurbi, na'urar tana ƙara maka minti goma sha biyar kyauta, ta nuna maka tasha mafi kusa. Korayen kekunan Lime da ake yasarwa a gefen hanya na wani kamfani ne, manhajarsu daban, da minti suke caji.

Anti ta Stratford:
Duk kun yi maganar kuɗi, ba wanda ya yi ta rai. Ɗana, nan hannun hagu ake bi, idonka kuwa ya saba da dama. Ka fara gwadawa ranar Lahadi da safe. Daga Mile End akwai hanyar keke da ta bi ta Whitechapel, ta gaban babban masallaci, har Aldgate. Daga can zuwa Holborn cikin motoci za ka shiga. Kada ka kuskura ka kutsa ta hagun babbar mota ko bas a mahaɗa, direba ba ya ganinka. Hular kwano kuma ba a bayarwa da keken, ka sayi taka.

Sabon Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Malam, na tambayi ɗan uwan nawa, ya ce da sunansa ya yi wa katin rajista tun da daɗewa. Zan iya ɗora Railcard ɗina a kai? Kuma in mun fita tare, kati ɗaya zai shigar da mu biyu?

Malam Na-Whitechapel:
Duka biyun a'a. Kowa da katinsa, ko a bas. Aron da ya ba ka babu laifi muddin kuɗin hawa ne kawai a ciki a farashin manya, amma ka tambaye shi ko akwai wani rangwame a kai, don in mai duba tikiti ya same ka da rangwamen wani tarar fam 100 ce. Ka mayar masa da abinsa, ka sayi sabo a na'urar Mile End, tana karɓar tsaba. Kuɗin katin tun 2022 ba ajiya ba ne, ba a mayarwa, saboda haka ɗaya ya ishe ka. Lamba goma sha biyu da ke bayansa da ita za ka buɗe asusu. Ka je wajen ma'aikacin da hantsi, bayan cunkoso ya lafa, kuma ka tabbatar wayarka na da caji, don 26-30 ɗin a waya yake zama.