Tunda akwai rigakafi, me ya sa har yanzu ake ƙirga masu cutar nimokokas?

Ɗalibar Lafiya:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a fitar da ni duhu. An ce hukumomin lafiya suna bin diddigin cutar nimokokas mai shiga jini, to ni abin da ya ɗaure min kai tunda ana yi wa yara allurar rigakafinta, wato PCV, meye amfanin ci gaba da ƙirgen? Kuma duk mai limoniya ne ake sakawa a lissafi?

Mai Lab:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A'a ba kowa ba. Ƙwayar nan ta nimokokas, wato Streptococcus pneumoniae, tana zaune a hanci da maƙogwaron yara da yawa lafiya lau, sai an same ta a inda bai kamata a ga wata ƙwaya ba, kamar jini ko ruwan laka idan ta jawo sanƙarau, sannan ake lissafa mutum.

Maganar amfani kuwa, ai ƙwayar iri-iri ce sun haura 90, allura ba ta ɗauke su duka. Amurka ta fara PCV7, allurar da ke kare iri 7, a 2000, ciwon ya ragu sosai har a tsofaffin da ba a yi wa allurar ba saboda yara sun rage yaɗawa, sai ga wani iri 19A da ba ya cikin allurar ya taso ya cike gurbin, ga shi da taurin kai wajen jin magani, da ba a tantance irin da ke kama mutane wa zai gano haka? PCV13 mai kare iri 13 da ta fito a 2010 da 19A ɗin a ciki.

Tsohuwar Nas:
Haka ne ɗan'uwa, amma fa a riƙa faɗa wa ɗalibai gaskiya, adadin da ake samu bai kai na zahiri ba. Mara lafiya ya sha antibayotik kafin a ɗebi jininsa, a shuka a lab ba abin da zai tsiro, shi ke nan ya fita daga lissafi. Gwajin PCR, mai gano ƙwayar ta ƙwayoyin halittarta ba sai ta tsiro ba, yana taimakawa, ba ko'ina yake ba dai.

Ɗalibar Lafiya:
Na gode sosai Anti. To su wa aka fi sa wa ido?

Tsohuwar Nas:
Yara 'yan ƙasa da shekara 2, tsofaffi, masu HIV, da masu sikila musamman, tunda saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata.