Shawarwarin likitoci kan tunkarar majalisun dokokin jihohi

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa kan yadda likitoci za su tunkari majalisun dokokin jihohi shi ne likitoci su daina jira sai gwamna ya sa hannu a kan doka sannan su fara ƙorafi. Lokacin da ya dace shi ne bayan karatu na biyu, sa'ad da ƙuduri yake gaban kwamitin lafiya, inda ake zaman jin ra'ayin jama'a, kuma ake iya gyara sashe kafin a kai shi zauren majalisa.

An ba da shawarar a je da takarda gajeriya a ƙarƙashin reshen Ƙungiyar Likitocin Najeriya (NMA) na jiha, domin ɗan majalisa ba zai karanta rahoto mai kauri ba, amma zai saurari likitan da ya gaya masa yadda asibitin mazaɓarsa yake kwana babu jini a ajiye ga mai haihuwa.

An daɗe a kan batun kuɗi, kuma masu tattaunawar suna da gaskiya. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ta tilasta gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, sai dai irin wannan doka ba ta aiki idan babu kayan gwaji a karkara. Saboda haka aka ce a bi kasafin kuɗi har a ga an saki abin da aka ware, a kuma riƙa tuna wa jihohi alƙawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya.

Wasu sun gargaɗi likitoci kada su cusa maganar albashinsu cikin kowane ƙuduri.