Rawar da ke cikin wasan Molière, ta asali ce ko ƙari?

Maryama: Assalamu alaikum. A ajin Faransanci aka ba mu Le Bourgeois gentilhomme, wasan kwaikwayo na marubucin Faransa Molière, mu karanta. Kwana biyu na gama shi, ina ta dariyar Monsieur Jourdain, attajirin da ya nace sai ya zama ɗan sarauta, wanda ya yi mamakin jin cewa ya fi shekara arba'in yana magana a zube bai sani ba. Jiya na kalli bidiyon wasan, sai na ga ya haura awa uku, saboda kowane lokaci sai a tsaya a yi waƙa da rawa. Molière ne ya tsara haka, ko masu shirya wasa na yanzu ne suka cusa? Kuma gaskiya wurin da aka fito da Muftin Turkawa a cikin wasan ya sosa mini rai.

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Maryama. Ta asali ce. A watan Oktoba na 1670 aka fara wasan a fadar Chambord, gaban Sarkin Faransa Louis na 14. Molière ya rubuta maganganun, Lully ya tsara kiɗa, Pierre Beauchamp ya tsara rawa. Salon ya samo asali ne daga wata ƙaramar matsala ta aiki: a 1661, wajen bikin da Fouquet, mai kula da kuɗin sarki, ya shirya wa sarki a gidansa na Vaux-le-Vicomte, ƙwararrun 'yan rawa kaɗan ne kuma suna buƙatar lokacin sauya kaya, sai Molière ya raba rawar tsakanin sassan wasansa Les Fâcheux. Ki koma ki duba: malamin rawa da malamin kiɗa suna cikin labarin tun daga farko, Jourdain ne ke biyansu. Idan aka cire rawar, an cire rabin wautarsa.

Abban Zahra: Malam, ni wurin Turkawan nake so a tsaya a kai. A 1669 manzon Daular Usmaniyya, Suleiman Aga, ya zo Faransa, bai nuna ƙawar fadar ta burge shi ba, sai sarki ya nemi wasa mai kayan Turkawa. Lully da kansa ya fito a matsayin Mufti. A cikin labarin yaudarar Jourdain ake yi: wani saurayi, Cléonte, ya sa kayan ɗan Sarkin Turkawa don ya auri Lucile, 'yar Jourdain, aka naɗa wa uban nata sarautar ƙarya ta Mamamouchi. Amma ana ambaton sunan Allah cikin raha, kuma wannan bai kwanta mini ba, ko da abin dariyar Jourdain ne.

Maryama: Na gode. Malam Sani, an ci gaba da irin wannan bayan haka?

Malam Sani: An ci gaba, amma bai daɗe ba. A 1672 Lully ya samu izinin sarki na riƙe harkar opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, suka ɓata da Molière. Wani mai tsara kiɗa, Charpentier, ne ya yi kiɗan Le Malade imaginaire, wasan Molière na ƙarshe, kuma a daren wasa na huɗu, 17 ga Fabrairu 1673, Molière ya rasu.