Gyaran ɗakin karatun jami'a: ta ina ake farawa?

Ma'aikaciyar ɗakin karatu, Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Za a shiga gyaran ɗakin karatun tsangayarmu: rufi, wayoyin wuta, tagogi da fenti. Littattafai na nan a kan kanta, ɗalibai kuma na tsakiyar karatu. Wanda ya san aikin ya taimaka mana da abin da ya gani.

Tsohon ma'aikacin ɗakin karatu:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada magini ya taka ƙofar nan sai kun gama ƙidayar littattafai, kanta bayan kanta, kuna gwadawa da rajista. Wanda yake hannun masu aro a rubuta shi daban. In ba a yi haka ba, duk abin da ya ɓace daga baya ba mai iya cewa yaushe ya ɓace.

Wurin ɗaurewa ake yin babbar ɓarna. Ku nemi ƙananan kwalaye, kada ɗaya ya wuce kilo 15 zuwa 20. Kanta mai tsawon mita ɗaya in ta cika takan kai kilo 30, saboda haka kwali biyu ke nan. Babban kwali gindinsa ke ɓallewa a kan matakala, littattafai su watse, jerin ya rikice. A kowane kwali a rubuta lambarsa, da lambar littafin farko da ta na ƙarshe, a gefe biyu, domin in an ɗora wani a kai ba a ganin rubutun sama. Kada a ɗora fiye da huɗu. A ƙasa a sa katako ko bulo, su tashi santimita 10 zuwa 15 daga daɓe, a kuma bar rata tsakaninsu da bango. Gara ba ta buƙatar wata biyu ta shiga kwalin da ke zaune a kan siminti, kuma ba za ku sani ba sai kun ɗaga shi kun ga ƙasa ta cika tsakanin shafuka.

Kundayen kammala karatu na ɗalibai su ne suka fi ba ni tausayi. Da yawansu kwafi ɗaya ne a duniya. Su za a fara fitarwa, a kulle su a ɗakin da makullinsa ke hannun mutum ɗaya.

Magini:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni nawa shi ne lokaci. Kowa na so a yi aikin cikin babban hutu, alhali hutun cikin damina yake faɗowa. Ba a kware rufi daga Yuni zuwa Satumba. A yi rufi da rani, a bar aikin ciki ga hutu. In rufin kankare ne, yawanci yoyon daga indararon da ganye da ƙura suka toshe yake farawa, ruwa ya kwanta ya bi tsaga. Wanda ya shafa fenti a kan tabon ruwa bai hau sama ya gyara gangare ba, damina ɗaya tabon zai dawo. Sabon siminti kuma a ba shi kwana 28 kafin a ɗora masa nauyi, yaɓe ya bushe sarai kafin fenti.

Hajiya, ki hana a kwashe kantoci a jibge su a ajin da ke bene. Daɓen aji ana lissafa shi a kan kilo 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita, na ma'ajiyar littattafai kuwa wajen kilo 700. Sai injiniya ya duba ya yarda.

Mai aikin wuta:
Tsofaffin ɗakunan nan an ja musu waya ne lokacin da fitila da fanka kawai ake kunnawa. Yanzu kowane ɗalibi na zuwa da kwamfuta da salula, a kan ga mutum goma a kan priz ɗaya, wato wurin jona wuta na jikin bango. A ja layin priz da waya mai kauri murabba'in milimita 2,5, na fitilu 1,5, kowace na'urar sanyaya ɗaki da layinta daban, a sa abin yanke wuta na miliampa 30, a kuma kafa wayar ƙasa ta gaske. Priz ɗin a kawo su jikin tebur kafin a shimfiɗa daɓe, in ba haka ba sai an sake fasawa. Kada a cire fanka don an sa na'urar sanyi. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, lokacin ne kuma wuta ta fi ɗaukewa. Fanka da fitila kuwa, wutar hasken rana da batir na iya riƙe su. Tagogi ma a bar waɗanda ake iya buɗewa.

Ɗaliba mai rubuta kundi:
Malamai, ku yi haƙuri in sa baki. Mu abin da ke cin mu shi ne rufewa ba sanarwa. Ɗakin kwanan ɗalibai a cike yake, ba teburi, ba shiru. Wanda ke Harobanda, unguwar da jami'a take a hayin kogin Neja, in zai nemi wani ɗakin karatu a cikin gari sai ya haye gadar Kennedy, kuɗin mota zuwa da dawowa kullum, kuma littafin fanninsa ba lalle ya same shi can ba. A manna sanarwa wata ɗaya kafin a rufe, a ƙara wa masu aro wa'adi, a buɗe aji ɗaya mai fanka ya zama wurin karatu na wucin gadi. Aikin guduma da injin yanka ƙarfe kuma a ɗage shi daga makon jarrabawa. Akwai kuma ƴan uwanmu masu keken guragu: ƙofa ta kai santimita 90, a yi musu gangare mai sauƙin hawa tun yanzu da ake fasa matakalar.

Tsohon ma'aikacin ɗakin karatu:
Ƴata, kin taɓo wurin. Hajiya, ki tambayi kowane malami littattafai biyar zuwa goma da darasinsa ba ya tafiya sai da su, ki haɗa da waɗanda rajistar aro ta nuna an fi ɗauka. Su kada su shiga kwali, su tafi ajin wucin gadi. Sauran kuma a ba da ranar ɗauko su sau biyu a mako, tunda lambar kwali na hannunki.

In ruwa ya taɓa littafi, kwana biyu kawai kike da su kafin fumfuna ta kama. A tsayar da shi a buɗe, a sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, a kunna fanka. Kada a shanya a rana, bango na lanƙwashewa. Mai takarda mai sheƙi a raba shafukansa tun yana jiƙe, in ya bushe a manne ya tafi ke nan. Tun ambaliyar 2020 duk wanda ke wannan gaɓar kogin ya san kantar ƙasa ba wurin ajiye abu mai daraja ba ce.

Ma'aikaciyar ɗakin karatu, Yamai:
Allah ya saka da alheri. Baba, bayan fenti kwana nawa za mu jira kafin mu mayar da littattafai?

Tsohon ma'aikacin ɗakin karatu:
Ki bar tagogi a buɗe mako biyu, sai wari ya fita. In ya zo daidai da hunturu, a share ƙura da tsumma mai ɗan laima, kanta ta bushe, sannan a fara da kwali mai lamba ɗaya.