Ɗan kwangila yace sati 10 zai gama min gida cikin sanyin nan, zai yiwu kuwa?

Na_Danbare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar gini a taimaka min da shawara. Ina da fili can bayan sabuwar jami'a wajen Danbare a Kano, ciki uku da falo nake son yi, amma da dekin (rufin kankare) a sama saboda in Allah ya hore nan gaba a ɗora bene. Mai aikin yace in na sakar masa kuɗi farkon Disamba zai miƙa min makulli cikin sati 10, wato kafin azumi tunda na 2026 tsakiyar Fabrairu zai kama, wai har tayil da fenti. An sa bikina bayan ƙaramar sallah shi yasa nake sauri. To jiya wani abokin aikina yake ce min wai siminti baya kamawa da kyau lokacin sanyi, gara in bari sai zafi ya shigo, wlh duk ya dagula min lissafi. In fara ko in jira?

Tsohon_Birkila:
Wa alaikumus salam ango. Abokin naka ya ji ƙishin-ƙishin ne amma bai ji zancen duka ba. Sanyin Kano bai kai ya hana siminti kamawa ba, ai mu wannan ne lokacin aikinmu, babu ruwan sama da zai cika maka ramin harsashi ko ya wanke maka bulo, tifa tana shiga har bakin fili bata kafe ba, ga 'yan ci-rani sun gama girbi sun shigo gari lebura ba wuya. Abin tsoro iskar ce ba sanyin ba. Yadda take fasa maka leɓe da kaushi haka take yi wa filasta, kayi shafe da hantsi kafin la'asar ta zuƙe ruwan tas, washegari kaga bango yayi zane-zane kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Siminti ba bushewa yake so ba, sha yake so, da ruwan yake ƙarfi. Dan haka abu na farko da zaka tambayi mutumin naka: ina ruwa? In babu rijiya ko bohol kusa, a fara gina kwatami a dinga kiran tanka, kuma ka ware yaro guda aikinsa kawai ban ruwa safe da yamma. Sannan bulo, lokacin nan kowa gini yake, masu bulo suna bugawa yau jibi su loda maka, ka ɗaga ɗaya ka sake shi daga daidai ƙirji in ya zama gari kada ka karɓa.

Injiniya_Zazzau:
Baba birkila ya gama magana akan ruwa, ni bari in yi maka lissafin kwana Malam. Haƙa harsashi, zuba kankare, ciko da jaman fulo (daɓen kankare na ƙasa), sa sati 2. Bulo har linta zuwa inda dekin zai zauna sati 2 zuwa 3. Kafinta ya kafa katako da gora, mai rodi ya ɗaure, mai wayarin ya jera fayif ɗinsa, wani sati 1 zuwa 2. Zuba dekin kwana ɗaya ne, amma daga nan ne saurin yake ƙarewa, domin kankare sai kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi akai, a kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku kawai yake da shi, kuma daren sanyi yana ƙara jinkirta shi kaɗan. Mu bama bari a cire gora kafin kwana 21. Kaga sati 8 zuwa 10 sun tafi kenan ba a taɓa filastar ciki ba, balle silin, tayil, ƙofofi. Fenti kuma akan ɗanyar filasta ɓarnar kuɗi ne, zai kumbura ya dinga ɓarewa, ga ƙura in anyi na waje cikin hazo. Gaskiya wata 4 zuwa 5 nake gani, shima in kuɗi basu yanke ba. Duk wanda yace sati 10 to ko dai zai cire gora da wuri ko kuma ya san ba zai cika ba, yana so dai ya kama aikin. Ranar zuba dekin ku fara da sassafe, da ya ɗan kama a shimfiɗa buhun algarara a jiƙa, ko a kewaye bakin da yashi a tara ruwa a kai, aƙalla sati guda.

Maman_Yusra:
Hmm ƙanina ka ji maganarsu. Mu a Janairu aka yi mana filasta, maigidan yana Abuja, mun ba mai gadi kuɗin 'yan garuwa ashe sau ɗaya yake watsawa ya soke sauran a aljihu, yanzu haka falona in ka ƙwanƙwasa wani wajen ƙara yake kamar ganga, sau biyu ana toshewa. Kuma ka sani da sanyi ma'aikata basa fitowa da wuri, sai tara ta wuce suna jin ɗumi, biyar da rabi sun fara wanke shebur, in azumi ya kama kuwa azahar sun tashi.

Bako_a_Kanada:
Lol ku gode wa Allah da irin sanyinku. Nan ƙasa ce take daskarewa, kafin a zuba kankare sai an ɗumama ruwan haɗi, a lulluɓe shi da bargo na musamman wani lokacin har hita ake kunnawa, domin in ruwan ciki ya zama ƙanƙara kafin ya kama aikin ya lalace. Kano ina zata kai haka. Ka fara abinka kawai.

Na_Danbare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira ɗan kwangilar na karanta masa lissafin Injiniya, yayi shiru sannan yace ai shi dama "in komai ya tafi daidai" yake nufi 😅 Yanzu mun tsaya akan a zuba dekin kafin ƙarshen Janairu, ya sha ruwansa, filasta cikin azumi. Amarya kuma sai dai mu fara zama a ɗakina na gidanmu, yanzu yadda zan faɗa wa iyayenta ne ya rage. Baba birkila, kwatamin ruwan nan kamar wane girma zai isa?