Zargin ƙyamar Yahudawa a jam'iyyar Leba: sharri ne ko akwai ƙamshin gaskiya?

Ɗalibin Siyasa:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske kan zargin ƙyamar Yahudawa da ya dabaibaye jam'iyyar Leba ta Birtaniya a zamanin shugabancin Jeremy Corbyn, daga 2015 zuwa 2020. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa sharri aka ƙulla masa saboda ya daɗe yana kare haƙƙin Falasɗinawa. Shin haka abin yake?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ba za a ce sharri ne zalla ba. A ranar 29 ga Oktoban 2020, hukumar da ke kula da daidaito da haƙƙin ɗan'adam a Birtaniya ta fitar da rahoton bincikenta, inda ta samu jam'iyyar da karya dokar daidaito ta 2010. A cikin ƙorafe-ƙorafe 70 da ta duba, ta gano cewa an yi katsalandan na siyasa wajen sauraron su har sau 23, daga ofishin shugaban jam'iyya da wasunsa. Ba sukar gwamnatin Isra'ila aka hukunta ba, domin rahoton bai haramta wannan ba. Abin da aka kama shi ne tsofaffin ƙage-ƙage, irin su cewa Yahudawa ne ke juya duniya a ɓoye, da kuma ɗaukar duk Bayahuden da ya kai kuka a matsayin maƙaryaci mai yi wa Isra'ila aiki. A ranar da rahoton ya fito ne aka dakatar da Corbyn daga jam'iyyar, bayan ya ce abokan hamayya sun kambama girman matsalar.

Mai Bin Diddigi:
Malam, ban musa maka ba, amma akwai sauran zance. Rahoton lauya Martin Forde na 2022 ya nuna cewa ɓangarorin jam'iyyar biyu, wato magoya bayan Corbyn da masu adawa da shi, sun mai da batun makamin faɗan cikin gida. Sannan akwai Yahudawan da suka tsaya wa Corbyn har ƙarshe, kuma mutanen mazaɓarsa ta Islington ta Arewa sun sake zaɓensa a 2024 a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Uwar Marayu:
Ni abin da ke damuna, 'yan'uwa, shi ne yadda ake ta maganar makomar Corbyn ana mantawa da waɗanda abin ya faɗa wa. Yahudawan Ingila da Wales ba su kai dubu 300 ba a ƙidayar 2021, kuma ƙungiyarsu ta ma'aikata tana cikin Leba tun 1920, wato gidan kakanninsu ne a siyasance. Duk da haka, a Maris ɗin 2018 sai da suka fito zanga-zanga a gaban majalisa don nuna adawa da abin da ke faruwa a wannan gida. Luciana Berger, 'yar majalisa Bayahudiya daga Liverpool, sai da rakiyar 'yan sanda ta halarci taron jam'iyyarta a shekarar, kuma ta fice a Fabrairun 2019 tana da tsohon ciki. Louise Ellman, wadda ita ma 'yar majalisa ce Bayahudiya, ta bi bayanta a Oktoba, bayan fiye da shekara hamsin tana jam'iyyar. Mu da muka san zafin a tuhumi kowane Musulmi da laifin wasu tsiraru, bai kamata mu raina kukan mutanen da ake neman su wanke kansu daga aikin gwamnatin da ba su suka zaɓa ba. Berger ta koma Leba a 2023, bayan Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin jam'iyyar, ya nemi afuwarta.