Kujerar hawa bishiya ta mafarauta: abin da aka tattauna

Jama'a, na tattaro maganganunmu kan kujerar nan da mafarautan barewa a Amurka ke hawa bishiya da ita.

1. Kowa ya yarda irin kujerar mai hawa da kai, wato mai ɓangare biyu, na zama da na ƙafa, da kake ɗagawa bi da bi kana hawa, tana son miƙaƙƙen icce mara rassa a ƙasa. Kuka ta yi kauri, darbejiya da tsamiya rassa sun yi yawa, mutanen Daura suka ce sai dai turare.

2. Nan aka rabu kan irin kujerar da ta fi. Wasu sun fi son mai tsani, ta fi zama daram amma nauyi gare ta, matasa kuma suka ce gara wadda za ka goya a baya ka ɗora a babur.

3. Bel ɗin da ke kama ƙirji da cinyoyi dole ne tun daga ƙasa, don an fi faɗowa wajen hawa da sauka, igiya a ƙugu kawai ba ta isa ba, ni ma nan nake.

4. In mai hawa da kai ce, haɗa ɓangaren ƙafa da na zama da igiya, in na ƙafa ya zame kana sama ka shiga uku.

5. Bindiga a cire harsashi, a jawo ta da igiya bayan ka zauna. Kuma ka gaya wa na gida inda kake.